Zan ajiye mota wata huɗu: ƙaramin farantin sola zai riƙe mini batir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2010, kuma aiki zai raba ni da gida daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu. Bara na yi tafiyar wata biyu, na dawo na tarar batir ya mutu murus, sai da na sayi sabo. Wani abokina ya ce in sayi ƙaramin farantin sola in ɗora a kan dashbod, in soka wayarsa a ramin laita, shi ke nan. Abin yana aiki kuwa? Wane girma zan saya? A Kano nake, kuma motar a cikin gida za ta zauna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana aiki, amma ba yadda abokin naka ya tsara maka ba. In ka bi tsarinsa a kan Corolla, ranar da ka dawo sai ka sake neman mai batir. Na daɗe ina aikin wayar mota kafin in shiga haɗa sola, don haka bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

Mu fara da ramin laitar, tunda nan ne shawarar ta fara karyewa. A yawancin motocin Toyota da Honda, da ka zare makulli an yanke wutar wannan ramin, babu abin da ya haɗa shi da batir. Farantin zai wuni yana shan rana, wutar kuma ba ta da hanyar wucewa. Gwada da kanka yanzu: zare makulli, soka cajar waya. In ba ta kawo wuta ba, to ka manta da wannan hanyar.

Sai kuma abin da ke cinye batir alhali mota tana tsaye. Ɓarayi biyu ne. Na farko a cikin batirin kansa yake. Batirin dalma da asid, ko ka cire shi ka ajiye a kan benci babu waya ko ɗaya a jikinsa, yana zubar da caji a hankali, kamar randa mai tsattsafo. A yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 25, abin bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata ba. Amma duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 yana ninka wannan zubar, kai kuwa ka san yadda Kano take a Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Tafiyarka ta faɗo daidai kan wutsiyar hunturu da tsakiyar bazara, wato ƙura a farko, zafi a ƙarshe.

Ɓarawo na biyu shi ne babba, kuma motar ce da kanta. Kashe inji ba ya nufin komai ya mutu. Kwamfutar mota tana riƙe da abin da ta haddace, agogo yana tafiya, rediyo tana tuna tashoshinta, na'urar da ke jiran rimot ɗin buɗe ƙofa tana kasa kunne dare da rana. A mota mai lafiya duk wannan yana jan tsakanin miliamfiya 20 zuwa 50, miliamfiya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya. Za ka ga kamar ba komai ba ne, sai ka zauna ka yi lissafi. A ce taka tana jan 30. A kwana guda, 0.03 sau awa 24, ya kama amfiya-awa 0.72, amfiya-awa kuwa shi ne ma'aunin yawan cajin da ke cikin batir ko wanda aka ja daga cikinsa. A wata kusan 22. A wata biyu 43. Batirin mota irin taka yana ɗaukar wajen amfiya-awa 60 ne in sabo ne fil kuma cike. Ka ɗora zubar da yake yi da kansa a kan wannan 43 ɗin, ka ga abin da ya same ka bara. Ba lallai ne batirin ya kasance marar kyau ba, shanye shi aka yi a hankali har ƙasa.

Dalilin da ya sa ko caji bai tashe shi ba, har sai da ka sayi sabo, shi ne wannan: duk lokacin da batirin dalma ke ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan da ke cikinsa. In aka yi masa caji da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. In aka bar shi a sauke na makonni, gishirin ya daskare ya yi tauri, caji ba ya ƙara narkar da shi, wannan ɓangaren farantin ya tafi ke nan. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan daƙiƙu sannan altaneta ta mayar masa nan take. Ba irin na inbata ba ne da aka gina don a riƙa sauke shi sosai. Sauka ɗaya mai zurfi da ya daɗe a cikinta ta isa ta gama da shi.

Daga nan za ka gane aikin ƙaramin faranti. Ba ya tayar da mataccen batir, ba ya ma cika wanda ya sauka rabi cikin lokaci mai ma'ana. Aikinsa kawai ya mayar da ɗan abin da aka sata jiya, kullum, don batir ya zauna a cike. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne ka ba shi batir cikakke. Kai wa mai caji ya cika shi, a bar shi ya huta wasu awanni, a sa mita. Cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.4 ya sauka wajen kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 kusan rabi, 12.0 kuwa saura ƙiris.

Kafin ka sayi komai, auna abin da motarka ke ja, don ba duka motoci ne ke tsayawa a 30 ɗin nan ba. Aikin minti arba'in ne a wurin mai wayar mota, kai ma za ka iya in kana da mita. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a kwance kan negetif, a sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batirin da wayar da aka cire. Da farko za ka ga lamba babba, kada ta tsorata ka, kwamfutocin ne ba su yi barci ba tukuna. A jira minti ashirin zuwa talatin lambar ta faɗo ta tsaya. Kada kowa ya buɗe ƙofa, kuma kada a kuskura a murza makulli mita tana tsakani, fis ɗinta zai tashi nan take. In ta tsaya ƙasa da 0.05, lafiya. In ta wuce, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda in an cire shi lambar ke faɗuwa. A abin da nake gani a gareji, mai laifin kusan kullum kayan da aka ƙara wa mota ne daga baya: tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, rediyo mai allo da aka haɗa wayarta kai tsaye da batir, ko ƙwan but da ba ya mutuwa in an rufe. An taɓa kawo mini wata mota da mai ita ya canza batir har sau biyu cikin shekara yana zagin masu sayarwa. Muka sa yaro ya kwanta a kujerar baya, muka sauke jinginar kaɗan ya leƙa but ɗin a rufe, sai ga ƙwai yana ci tar. Ɗan maɓallin ne ya lanƙwashe. Wannan ƙwan shi kaɗai ya fi ƙarfin duk wani ƙaramin faranti da za ka saya.

To, girman faranti. Motarka tana bukatar kusan amfiya-awa ɗaya a kwana in an haɗa ɓarayin biyu, ka ƙara kaɗan don ba duk abin da aka zuba wa batir yake riƙewa ba. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su raba wat da 12. Farantin da ake cewa na bolt 12 yana ba da cikakken wat ɗinsa ne a wajen bolt 17 zuwa 18, saboda haka mai wat 5 bai fi amfiya 0.28 ba, mai wat 10 wajen 0.55, mai wat 20 ɗan sama da ɗaya. Juya bayan farantin, akwai takarda a manne, lambar da aka rubuta Imp a gabanta ita ce gaskiyar abin da zai ba ka. Arewa Allah Ya ba mu rana, in aka dunƙule hasken wuni guda yana kai kimanin awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana. Mai wat 5, a waje, a goge, zai ba ka wajen amfiya-awa ɗaya da rabi. A takarda ya isa. Amma faranti ba ya zama a goge wata huɗu, ga hazo, ga zafi da ke rage masa ƙarfi. In rabi ya tafi, ka koma ƙasa da abin da motar ke ci. Mai wat 10 ko ya rasa rabinsa yana nan da ɗaya da rabi, shi ya sa shi nake ba ka shawara. In akwai tiraka a motar, hau zuwa 20. Waɗannan 'yan firit ɗin masu wat ɗaya da rabi da ake sayarwa a kwali mai hoton mota, bar su inda ka gan su.

Yanzu ga inda na fi saɓa wa abokinka, wato maganar dashbod. Don faranti ya yi aiki a kan dashbod dole motar ta wuni a tsakiyar rana, wata huɗu, a bazarar Kano. Ka ceto batir ka gasa mota. A rufaffiyar mota da ke rana saman dashbod yana haura digiri 70. Roba tana tsagewa, kujeru suna ƙonewa, fenti yana dusashewa, shi kansa batirin da ke ƙarƙashin bonet mai zafi yana ƙara saurin zubar da caji da ƙafewar ruwa. Gilashin gaba kuma yana tare wani kaso na hasken, in akwai tintek abin ya ƙaru, sannan rana tana faɗa wa farantin ne na 'yan awanni kafin rufin motar ya yi masa inuwa. Na taɓa zuwa duba motar wani bawan Allah da ya yi tafiya ya bar irin wannan haɗin. Robobin da ke manne farantin a gilashi sun yi laushi sun saki, farantin ya faɗo ya kife a kan tabarmar ƙafa, fuskarsa a ƙasa. Ƙurar da ke bayansa ta nuna ya yi makonni a haka.

Tsarin da nake yi wa mutane shi ne mota a inuwa, faranti a rana, waya ta haɗa su. Sa motar a rumfa ko gareji, ka ɗaura farantin a kan rufin rumfar ko kan katanga ta ciki inda ba a hango shi daga titi. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta ishe ka ko da nisan ya kai mita goma, don wutar ba ta da yawa. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ka fuskantar da shi kudu, ka ɗan karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15. Kada ka tayar da shi tsaye sosai, don daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da kanmu da tsakar rana. Kada kuma ka kwantar da shi shimfiɗe, ƙura da kashin tsuntsu za su zauna. Abin da ya fi kusurwa muhimmanci shi ne inuwa. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar sarƙa, in reshen darbejiya ko ƙafar tankin ruwa ya rufe guda ɗaya, wutar duka ce ke faɗuwa, ba ta wannan ƙwayar kaɗai ba. Je ka duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar kafin ka buga ƙusa.

Kwantirola fa, wato 'yar na'urar da ake sawa tsakanin faranti da batir don ta daidaita caji, dole ce? A mai wat 10 zuwa sama, a wurina dole ce. Farantin nan in babu abin da ke jansa yana kai bolt 21 zuwa 22. Da batir ya cika, babu mai ce wa farantin ya isa, sai ya ci gaba da turawa, bolt ya haura 15, ruwan batir ya fara tafasa yana rabuwa zuwa iska. Kwana ɗaya ba komai, amma kwana ɗari da ashirin a bazara zai bar maka farantan dalma a bushe. In batirin rufaffe ne wanda ba a ƙara masa ruwa, abin da ya fita ya fita har abada. Kwantirola tana kai batir wajen 14.4 ta cika shi, sannan ta sauko ta riƙe shi a wajen 13.5. Da zafi gara ma ƙasa da haka kaɗan, in taka tana bari a saita, sa ta tsakanin 13.2 da 13.5. Da dare kuma tana hana wuta komawa daga batir zuwa faranti. Ƙarama mai sauƙin kuɗi, irin wadda ake kira PWM, ta wadatar, sayen mai tsadar da ake kira MPPT a kan wat 10 ɓarnar kuɗi ce. Abu biyu za ka lura da su. Tabbatar an saita ta a batirin dalma, ba lithiyam ba. Sannan ita ma tana da ciki: masu allo da ramin cajin waya suna jan nasu dare da rana, sau da yawa wajen miliamfiya 10 ko fiye, wanda in ka tuna motar gaba ɗaya 30 take ja, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na ce 10 ba 5 ba.

Wajen haɗawa, kwantirola ta zauna kusa da batir, a inuwa, inda ruwa ba zai taɓa ta ba in an yi ruwan farko a Mayu. Doguwar wayar ta kasance ta ɓangaren faranti. Fara haɗa batir da kwantirola tukuna, don ta gane tsarin bolt 12 ne, sannan ka haɗa faranti. In za ka kwance, faranti ne farko. Ramukan jikin kwantirolar da aka yi wa hoton ƙwan fitila ka bar su babu komai. Kuma don Allah, Malam, kada ka tsallake fis. Sa mai amfiya 3 ko 5 a wayar fozitif, dab da kan batir. Ba don farantin ba, shi ba shi da ƙarfin ƙona komai. Don batirin ne, wanda zai iya tura ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya in ɓera ya ɓare ta ta taɓa ƙarfe, kai kuma kana wata jiha. Maƙalai masu baki kamar na kada suna zamewa, ga tsatsa. Gara a sa wa wayoyin zobe a ɗaure su da notin kan batir, sifana mai lamba 10 ce. Ka fito da wayar ta ƙasan inji ko ta gefen gilashi inda bonet ba zai datse ta ba.

Akwai masu sokawa a ramin OBD, wanda ake sa na'urar gano matsala a ƙarƙashin sitiyari. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da shi, kuma ƙafarsa ta 16 tana haɗe da batir ko an zare makulli. Yana yi, amma ni ban cika son a bar waya wata huɗu a ramin da ke maƙwabtaka da wayoyin kwamfutar mota ba alhali ga kan batir a fili.

In babu tiraka a motarka, ga abin da zan yi da tawa ce. In cika batir, in kwance kan negetif na motar in ɗaure shi gefe, in haɗa kwantirola da batirin kai tsaye. Babban ɓarawon ya fita daga lissafi, saura ɗan tsattsafon batirin, wanda ko faranti mai ƙura zai rufe shi. Abin da za ka rasa a Corolla kaɗan ne: agogo, tashoshin rediyo, wataƙila inji ya ɗan yi rawa a silo na ɗan lokaci kafin kwamfuta ta sake koyo. Masu wasu Honda ne ya kamata su nemi lambar sirrin rediyonsu kafin su cire kan batir, in ba haka ba ta kulle. In kuwa akwai tiraka kuma kana son ta ci gaba da aiki, batir ya zauna a haɗe, ka sa mai wat 20.

Na san za a ce maka ai ba sai an yi wannan wahalar ba, a bar wa yaro makulli ya riƙa tayar da ita duk Juma'a minti goma. Yi lissafin: mako guda a miliamfiya 30 ya cinye amfiya-awa biyar. Batirin da ya ɗan sauka ba ya karɓar caji da gaggawa, minti goma a silo da wuya ya mayar da rabin wannan. Kowane mako ana bin sa bashi. Ga injin da bai yi zafi sosai ba yana tara raɓa a salansa da cikin mai. Ban ma yi maganar yaron da zai ga ai gara ya ɗan zaga da ita unguwa ba. In gidanka akwai sola da inbata mai tsayuwa, ƙaramar caja mai kai, irin wadda ke sauka da kanta in batir ya cika, ta fi komai sauƙi. Abin da ba a yi shi ne jawo waya daga babban farantin gida kai tsaye zuwa batirin mota, waɗannan suna kai bolt 40 ko fiye.

Aikin da za ka bar wa yaron shi ne goge faranti. A Fabrairu da Maris, kwana uku sun isa ka rubuta sunanka da yatsa a kansa. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a mako, ya kuma leƙa ya ga fitilar kwantirola tana ci. Kai kuma kafin ka tafi, in batirinka mai murafu ne, buɗe ka ga ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki, ka cika da tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba na rijiya ko na leda ba. Wanke saman batirin, don ƙura da ta jiƙe da asid tana zama siririyar hanyar wuta tsakanin kawunan biyu. Ruwan kanwa yana kashe wannan farin garin da ke taruwa a kai, sai dai a rufe murafun da kyau kada ya shiga ciki, a ɗauraye, a shafa ɗan giris. Ban da taba ko tartsatsi kusa da batirin da ke kan caji, iskar da yake fitarwa tana kamawa.

Kada ka bari sai daren tafiya ka haɗa. Haɗa shi mako guda kafin nan, ka daina taɓa motar, kullum bayan sallar asuba kafin rana ta taɓa farantin ka sa mita a kan batir ka rubuta. Da rana lambar za ta yaudare ka, don za ka ga 13 da wani abu ko batirin ba shi da lafiya. Ta asuba ce ke faɗin gaskiya. In kwana bakwai tana tsaye a 12.6 ko sama, rufe bonet ka kama hanya. In kana ganin 12.6, gobe 12.5, jibi 12.4, to ko inuwa tana cin farantin, ko akwai abin da ke jan wuta da ba a gano ba, ko batirin na bara ya fara gajiya, kuma kana da sauran kwanaki da za ka kawo ta a duba.